Kason Mai Walda

Ranar da tankin ya faɗo, Tartsatsi yana durƙushe a ƙofar shagonsa yana haɗa ƙyauren wani gareji. Bai san abin da ake ciki ba sai da mai shagon kusa da shi ya dafa masa kafaɗa. Ya kashe inji, ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa.

"Ba kai ka yi wa Mai Bene ƙafar tanki ba?"

"Ni ne. Lafiya?"

"To, ta sauko. Da tankin, da ruwan, da komai. Kuma an ce akwai mace a ƙasa."

Shekara ashirin da biyu ke nan yana walda. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Tartsatsi, saboda babu rigarsa ɗaya da wuta ba ta huda ba, har matarsa kan ce idan ta shanya kayansa rana ma ta ciki take wucewa. A duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma yana faɗin haka ga duk wanda ya zo ciniki.

Ya bar ƙyauren a nan, ya nufi gidan da sauri.

Gida ne na haya mai hawa biyu. A tsakar gidan ya tarar da ruwa har idon sawu, tufafin wanki suna yawo a ciki, tankin roba ya tsage gida biyu. Ƙafar tankin, turakun ƙarfe huɗu masu tsawon mutum uku, tana kwance a gicciye, ɗaya daga ciki ya lanƙwashe kamar gwiwar mai durƙuso. An riga an tafi da matar asibiti. Malamar firamare ce da ke haya a ɗakin ƙasa, ta fito wanki da safiyar Asabar a bakin famfon da ke gindin tankin. Ƙashin ƙugunta ya karye, hannun hagu kuma wuri biyu.

Mai Bene, wato mai gidan, yana tsaye cikin mutane yana ta kumfar baki. Yana hango Tartsatsi ya nuna shi da yatsa.

"Ga shi nan! Ga mai aikin banzan nan! Ku tambaye shi abin da ya haɗa mini!"

Tartsatsi ya wuce shi. Ya tsugunna a kan ƙarafan yana dubawa, abu uku ya gani. Na farko, wannan ba tankin da ya yi wa ƙafa ba ne. Shi na lita dubu aka ce masa, wannan kuwa ya ninka shi. Na biyu, tafin ƙafafun nan huɗu, da ya huda wa ramuka don a ɗaure su da noti a jikin kankare, babu noti ko ɗaya a cikinsu. Na uku shi ne ya fi muni. A daidai inda turken ya lanƙwashe, ɗinkin waldarsa ne ya yage.

Nan take ya tuna cinikin, shekara biyu da suka wuce. Ya faɗi farashin ƙarfe mai kauri, Mai Bene ya ce ai ba gada zai gina ba. Suka yi ta ja har ya yarda da siririn ƙarfe, ya kuma cire ƙarafan tokara na gefe biyu don aikin ya fitar da shi. Da bakinsa ya ce, "Zai ɗauka, yallaɓai." Ya san zai ɗauka ne da ƙyar.

Bayan wata biyu sammaci ya iso shago. Malama ta kai ƙarar mutum uku: Mai Bene, da Dogo mai famfo wanda ya ɗora sabon tankin, da shi.

Matarsa ce ta karanta masa takardar, don idonsa ya gaji da ƙananan rubutu. Da ta gama ta ninke ta, ta ajiye a kan tebur.

"Baban 'yan biyu, maganar ai a fili take. Kai ka yi wa ƙaramin tanki, suka ɗora ƙato. Ka je ka ce ba ruwanka, ka dawo gida."

"Da ruwana."

"Ta ina?"

"Waldata ce ta yage. Na gani da idona."

"Wa ya gani bayan kai?"

"Ni ɗin ba mutum ba ne?"

Ta dube shi ta girgiza kai. "Shekara goma sha bakwai ina fama da wannan kan naka. Ƙarfen shagonka ma ya fi shi laushi."

Washegari ya je ofishin da lauyoyi ke taimakon marasa ƙarfi. Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyawa a hankali, fayiloli sun cika kujeru har sai da aka kwashe masa wasu kafin ya sami wurin zama. Lauyar da aka haɗa shi da ita dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta da dogon zance. Ta saurare shi har ya gama, bai ɓoye mata maganar siririn ƙarfen ba.

"Barista, abin da ya ɗaure mini kai shi ne, rauni ɗaya ne, mu kuma uku. Yaya za a yi a raba karaya?"

"Ba karayar ake rabawa ba, Malam. Laifin ake rabawa." Ta jawo biro uku ta jera a gabansa. "Idan da ɗayanku ya yi abin da ya dace, da wataƙila tankin yana sama har yau. To, kotu za ta fara yanke diyyar da ta cancanci matar, cikakkiya. Ita ba a rage mata komai don kun yi yawa. Tana iya karɓar duka daga hannun wanda ya fi ƙarfi a cikinku, shi kuma ya juyo ya karɓi kason sauran. Kason kowa kuwa alƙali ne zai auna, gwargwadon yadda hannunsa ya shiga."

"Da me zai auna?"

"Da abin da aka nuna masa. Ina ƙafar tankin take yanzu?"

Bai sani ba. Da ya bincika, sai ya ji tun washegarin haɗarin Mai Bene ya sa aka kwashe komai, aka sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa. A takardar da Mai Bene ya kai kotu kuma ya rubuta cewa tanki ɗaya ne tun farko, ba a taɓa canza shi ba.

Ana cikin haka, wata rana da la'asar, motar Mai Bene ta tsaya a ƙofar shago. Ya sauke gilashi ya yafito shi. Tartsatsi ya goge hannu a wando ya shiga. Sanyin motar ya buge shi.

"Maigidan walda," in ji Mai Bene da fara'a, kamar ba shi ne ya zage shi a gaban jama'a ba. "Ni da kai ai ba mu yi haka ba. Magana na kawo maka ta hankali. Ka shiga kotu ka ce kuskurenka ne, kai kaɗai. Me za su kama a wurinka? Tsohon inji da benci? Ni kuwa gidan nan suke hange. Idan ƙura ta lafa, sabon ginin da nake yi, ƙofofi da tagogi da matakala, duk naka ne. Aikin shekara guda."

Aikin shekara guda ba abin wasa ba ne ga mai 'ya'ya biyar.

"Ita Malamar fa, yallaɓai?"

"Allah ya ba ta lafiya. Tsautsayi ne."

"Zan yi tunani."

Ya yi tunanin kuwa. Kwana biyu yana riƙe da ƙarfe yana manta abin da zai yanka. A rana ta uku ya koma wurin lauyar ya kwashe komai ya faɗa mata.

"Idan na ɗauke duka, me za ta samu?"

"Za ta ci shari'a," in ji Barista. "Za a ba ta takarda mai hatimi, ta kai gida ta ajiye. Ko an sayar da shagonka da kai a ciki, ba zai biya aikin ƙugun nan ba, balle shekarar da za ta yi asara ba ta koyarwa."

"Idan kuma na ce ba ruwana?"

"Sai ku uku ku yi ta nuna juna, babu ƙarfe, babu tanki. Kai ne mai walda, kuma kowa a unguwa ya ji ana cewa walda ce ta yage. Ka ƙarasa lissafin da kanka."

Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Zan nemo ƙafar."

"Wata uku fa ke nan. Ƙila an narkar da ita."

"In an narkar, zan ji daga bakin wanda ya narkar."

Ya rufe shago. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna can bayan tashar manyan motoci, fili bayan fili, kowanne da tsaunin ƙarfe ya fi gida tsawo: gadajen asibiti, ƙofofin mota, tukwanen gas, kekuna marasa taya. A filin farko aka yi masa dariya. A na biyu aka ce ya duba da kansa, ya yini yana ɗaga ƙarafa har wani kwano ya tsaga masa tafin hannu. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Da ya koma gida matarsa ta kwance tsumman, ta wanke ciwon da ruwan ɗumi. Da safe ya tarar ta ajiye masa safar hannu ta fata a kan takalminsa.

"Tunda ka rantse sai ka nemo abin da zai kama ka," ta ce, "to ka nemo shi da yatsunka goma."

A rana ta huɗu, a fili na biyar, wani tsoho mai sikeli ya saurare shi ya ce, "Turaku masu koren fenti? Akwai wasu a can ƙarshe. Motar kamfani jibi za ta zo ta kwashe."

Kowane mai walda ya san ɗinkinsa kamar yadda mutum ya san rubutun hannunsa. Tun daga nesa Tartsatsi ya gane nasa. An yanka turakun gida biyu don su shiga mota, amma komai yana nan. Ya juya farantin saman, inda tanki ke zama, sai ya ga abin da yake nema. Zobba biyu ne na tsatsa a kai: ƙarami a tsakiya, inda tankin farko ya zauna, da babba wanda ya wuce bakin farantin ya fita. Ya duba tafin ƙafafun. Koren fentin da ya shafa yana nan lafiya lau a cikin ramukan, noti bai taɓa gogarsa ba.

Sannan ya ɗauko guntun da ya lanƙwashe, ya daɗe yana kallonsa. Mai sikeli bai san me ake nema ba, babu wanda zai ƙirga guntaye. Sai ya ɗora shi a saman sauran, ya biya kuɗin duka.

Da ya sauke kayan a bayan ofishin lauya, Barista ta fito ta zagaya su, ta tsaya a kan wannan guntun.

"Ka san wannan kai zai kama?"

"Na sani."

"Aikina ne in faɗa maka. Injiniyan kotu yana ganinsa zai auna kaurin ƙarfen."

"Ya auna. Idan na kawo nasu na ɓoye nawa, da ni da Mai Bene duk ɗaya ke nan."

Saura mutum ɗaya. Ya sami Dogo mai famfo a wani gini yana haɗa bututu. Dogo na ganinsa ya fara waige-waige.

"Ɗan'uwa, ni ka rufa mini asiri. An ce in ce ban san komai ba."

"Wa ya ɗora babban tankin?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Na faɗa wa Mai Bene ƙafar ta yi ƙanƙanta. Ya ce 'yan haya suna damunsa da ƙarancin ruwa, in ɗora kawai. Notin kuma na ga babu, na ce zan dawo in ɗaure, sai wani aiki ya ɗauke ni."

"To, haka za ka faɗa."

"Ai sai su ce in biya!"

"Za su ce. Ni ma za su ce. Amma ƙarafan suna hannun lauya yanzu. Ka zaɓa, ko ka faɗa da bakinka, ko a nuna maka a gaban mutane."

Ranar shari'a aka shigo da ƙarafan aka jera a gaban teburin alƙali, har ma'aikacin kotu yana ƙorafin za su ɓata masa daɓe. A ranar ne Tartsatsi ya fara ganin Malama. Mace ce siririya wadda ba ta wuce arba'in ba. Ta shigo tana dogara sanda mai ƙafa huɗu, ƙanwarta na riƙe da jakarta. Daga ƙofa zuwa benci ta tsaya hutawa sau biyu. Ya so ya kau da kai, ya hana kansa.

Injiniya ya yi bayanin zobban tsatsa, da ramukan da ba su ga noti ba, da kaurin ƙarfe. Sai aka kira Tartsatsi. Lauyan Mai Bene ya taso yana murmushi.

"Malam, kai ne ka haɗa wannan?"

"Ni ne."

"Ƙarfen nan ya kai kaurin da ya kamata?"

"Bai kai ba."

Lauyan ya ɗan yi turus, da alama ya shirya wa gardama ne. "Kana nufin ka amsa laifi?"

"Na amsa nawa. Na san siriri ne na yarda na yi da shi, na kuma cire tokara biyu. Mai gida ne ya matsa a rage, amma ni ne mai sana'a, ni ya kamata in ce ba zan yi ba. Wannan nawa ne, ya mai shari'a, ban kai wa kowa ba. Amma tankin da ya faɗo ba shi aka ce in yi wa ƙafa ba, kuma ramukan nan ban huda su don ado ba."

Alƙali ya ɗago kai daga rubutu ya dube shi, sannan ya ci gaba da rubutu.

Da aka kira Dogo, ya kalli ƙarafan, ya kalli Mai Bene. Sannan ya faɗi abin da ya faɗa a wurin ginin, bai rage ba. Mai Bene ya yi ta gyara zama. Da nasa lokacin ya zo, aka tambaye shi ta yaya tanki ɗaya ya bar zobe biyu, ya ce shi ba injiniya ba ne.

Bayan mako uku aka yanke hukunci. Alƙali ya ce su ukun sun haɗu wajen jawo rauni ɗaya, kuma Malama za ta karɓi diyyarta cikakkiya. Ya raba laifin gida goma. Biyar na Mai Bene, don shi ya ninka nauyin bayan an gargaɗe shi, shi ne kuma ke da alhakin lafiyar masu haya a gidansa. Uku na mai walda. Biyu na mai famfo. Lauyan Malama ya nemi a karɓa duka daga Mai Bene, shi ya bi sauran, aka amince.

Uku cikin goma ba ƙaramin abu ba ne. Tartsatsi ya san babban janaretansa ya tafi ke nan, kuma zai daɗe yana aikin da ribarsa ba tasa ba ce. A bakin kotu Mai Bene ya wuce shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Dogo ya yi masa sallama a sanyaye ya tafi.

Malama tana zaune a benci a baranda tana jiran mota. Ya matsa kusa ya rusuna.

"Malama, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini."

Ta dube shi sosai, irin kallon da malamai ke yi wa wanda ya kawo aikin gida a makare.

"Ban kai nan ba tukuna, Malam. Har yanzu ba na iya sunkuyawa in ɗaura takalmina. Amma na ji abin da ka faɗa a ciki, kuma an gaya mini wanda ya nemo ƙarafan." Ta gyara riƙon sandarta. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Irin wannan ƙafar, nawa ka yi a garin nan?"

Bai taɓa ƙirgawa ba. A hanyar gida ya ƙirga. Huɗu ne bayan na Mai Bene, duk a shekarar da ƙarfe ya yi tsada.

Da safe ya ɗauki hayar ƙaramar motar kaya, ya loda ƙarafan tokara da ƙaramin injinsa. Gidan farko suka yi ta godiya har da kawo masa ruwan sanyi. A na biyu an riga an sauke tankin tun bara. A na uku mai gidan ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya saurare shi da ido ɗaya a kanne.

"Kyauta? Mai walda ya zo gyara kyauta? Malam, faɗi abin da ya kawo ka."

"Abin da na faɗa maka shi ne. Aikin da na yi maka bai cika ba."

"Shekara biyu yana tsaye lafiya. Ni ban kira ka ba, kuma fita zan yi."

"A dawo lafiya. Amma kafin ka fita, ka ce wa iyali kada kowa ya zauna a gindinsa."

Mutumin ya rufe ƙofa. Direban motar ya leƙo ya ce, "Maigida, mu wuce na huɗun?"

"Za mu je. Fara taya ni sauke na nan tukuna."

Suka sauke ƙarafa huɗu suka jingina da katangar gidan. Tartsatsi ya auna su, ya ja layi da alli, ya tayar da inji ya fara yankawa a nan bakin titi. Yana kan na biyu ya ji ana zare sakata.